Kafin ku buɗe baki a gaban mai kaki

Duk matashin da ya tashi a Tahoua, ko a garuruwan jihar kamar Illela da Keita da Buza, ya san cewa a ƙaramin gari ɗan sanda ba baƙo ba ne. Yana haya a unguwarku, 'ya'yansa suna aji ɗaya da ƙannenku, ranar Juma'a kuma kuna sahu ɗaya. Saboda haka maganar da aka yaɓa masa a bakin hanya takan riga mai ita isa gida.

A fadarmu ta samari, inda muke zaman hira, lokacin da nake kabu-kabu, ba ma kiran 'yan sanda da sunan aikinsu. Muna da laƙabin da muka kwaso daga finafinan Faransa, da wasu da muka ƙirƙira wajen shan shayi, dukansu na raini. Muna ganin ba komai tun da a tsakaninmu ne, kuma ba zan ɓoye ba, akwai cikinmu waɗanda aka taɓa zalunta, waɗanda fushinsu yake da dalili. Amma abin da baki ya saba da shi ba ya neman izini kafin ya fito. Wata rana aka tsayar da ni a mashigar gari, asiransina, wato inshorar babur, ya ƙare, sai na juya na gaya wa fasinjana ɗaya daga cikin sunayen nan, jami'in kuwa yana ji. Laifin da tara kaɗai za ta kashe ya koma maganar cin mutuncin ma'aikaci a bakin aiki, wanda dokar Nijar take hukuntawa. Babur ya kwana a komisariya, kuma sai da kawuna ya bar rumfarsa ya je ya ba da haƙuri, yana sunkuyar da kai a gaban wanda ya haifa a shekaru.

Abin da ya fi ci mini rai daga baya shi ne rainin nan ya hana ni neman haƙƙina. Wanda ya fara da zagi ba shi da bakin da zai tambayi dalilin tsayar da shi, balle ya nemi rasit, don haka na biya abin da aka ce ban karɓi ko takarda ba.

Ƙannena, ku yi sallama, ku ce "shef" ko "ranka ya daɗe", ku kashe babur, ku miƙa takardu tun ba a tambaya sau biyu ba: katin ɗan ƙasa, lasisin tuƙi, takardar babur da asirans. Ku san kuma da wa kuke magana, domin 'yan sanda sun fi aiki a cikin gari, jandarmomi kuma a karkara da manyan hanyoyi irin wadda ta fita zuwa Birnin Ƙonni. Idan aka ci ku tara, ku nemi rasit cikin ladabi, ku tsaya a kan hakan. Idan kuma aka tsare ku, ku roƙi a sanar da wani babba a gida nan take, ku tuna cewa a laifuffukan yau da kullum wa'adin tsarewa awa 48 ne, ba a ƙara shi sai da izinin mai gabatar da ƙara, kuma kada ku sa hannu a takardar da ba a karanta muku ba.