Godiya daga ɗaliban sashen lambu da ƙawata muhalli

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, an kare aikin ƙarshe a gaban malamai, an miƙa filin gwaji, shekara biyu na karatun difloma sun cika. Mu ɗaliban ajin ƙarshe muna miƙa godiya ga duk wanda ya sa hannu, tun daga iyayenmu, waɗanda suka sha jin ana cewa "yanzu shuka fulawa ma sai an je makaranta?" amma ba su fasa biyan kuɗin zango ba. Allah ya saka da alheri.

Malamanmu na awo da zane, mun gode da kuka hana mu taɓa diga kafin mu san fili. Tef, igiya da turaku su ne farko, sai a gano inda ruwa ke kwanciya, a ba ƙasa gangara ta kamar santimita 2 a kowace mita don ruwan sama ya yi nesa da gini. A san inda bututu da sokawe da wayar lantarki suke. A takarda kuma bishiya ana zana ta ne da faɗin da za ta yi bayan shekara 15, don darbejiya ko maɗacin da aka dasa dab da katanga watarana saiwarsa za ta tsaga ta, bishiyar turare kuwa duk inda danshi yake sai ta bi shi.

Amma godiya ta musamman ta iyayenmu ce, dattawan da ke kula da wurin renon dashe, waɗanda sunansu ba ya fitowa a takardar shaida. Baba, Allah ya ƙara lafiya. A hannunku muka koyi haɗa ƙasar leda: baro 3 na ƙasar sama, 2 na takin gida da ya ruɓe, 1 na yashin rafi. A jiƙa kaɗan a damƙa. In ta dunƙule, aka taɓa da yatsa ta wargaje, ta yi. In ta tsaya kamar fura, laka ta yi yawa, a ƙara yashi. Takin da ke da ɗumi ko wari bai nuna ba, musamman kashin kaji, wanda ɗanyensa ƙona saiwa yake cikin 'yan kwanaki. Ledar da ba a huda ƙasanta ba kuma, tare da yawan ban-ruwa, ita ke sa tsiro ya ruɓe daga wuya ya kwanta, mai shi yana ta zargin iri.

Ku ne kuka nuna mana auren mangwaro: uwar, wato dashen mangwaron gida da za a ɗora wa reshe, ta kai kaurin fensir, reshen da za a ɗora ya zo daidai da ita, wuƙa mai kaifi da tsabta, yanka ɗaya ba gyare-gyare, ɓawo ya haɗu da ɓawo ko da ta gefe ɗaya ne, a ɗaure da leda yadda ruwa ba zai shiga ba. Cikin mako uku zuwa huɗu ake ganin ko ya kama. Duk tohon da ya fito ƙasa da mahaɗa a cire shi, in ba haka ba shi zai cinye abincin, a wayi gari ɗan aure ya koma mangwaron gida.

Sai maganar rami, wadda kullum ake rainawa. Santimita 60 faɗi, 60 zurfi, ƙasar sama gefe guda, ta ƙasa gefe guda. Ta saman ake cakuɗawa da taki a fara mayarwa. A yanke ledar a cire, in saiwa ta nannaɗe a warware ta, kuma kada a binne wuyan dashen fiye da yadda yake a leda. Mako biyu kafin fitarwa a riƙa rage masa inuwa da ruwa don ya saba da rana. A dasa da yamma, a yi masa kwano, a rufe da busasshiyar ciyawa amma kada ta taɓa jikinsa, saboda gara.

Masu gidajen sayar da furanni da suka karɓe mu wata huɗu na koyon aiki, mun gode. A wurinku aka ga cewa ciyawar kiri-kiri ta fi jure rani da takawa, kuma ba a aske fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsayin ciyawa a lokaci guda. Masu gadi da mai kunna injin burtsatse, ba mu manta da ku ba.

Ƙannenmu 'yan aji ɗaya, ga amana. Shingen lalle na son aski yana ƙarami, ƙasa ta fi sama faɗi, don rana ta kai gindi. In hunturu ya shigo ku duba danshi da yatsa kafin ku ɗauki tiyo. Ledar da ke ɗaure a mangwarorin layin ƙarshe kuma a kwance ta da zarar mahaɗa ta warke, kada ta shaƙe su.

Wanda muka ɓata wa, ya yafe mana.

Ɗaliban ajin ƙarshe.