Yadda romin ya cinye min kati ina ta sharar barci

Tafiyata ta farko zuwa ƙasar waje, kafin in tashi sai da na loda kati mai ɗan kauri a layina, wai ni ga mai dabara, in na sauka sai in kira gida in ce na iso lafiya. Jirgi ya sauka da daddare, tun muna kan layin buga fasfo na kunna sabis, sai ga tes ya shigo wai barka da zuwa, ga kuɗin kira ga kuɗin data. Ban ko buɗe shi ba, dan Allah wa ke da lokacin karanta irin wannan bayan ya sha zaman jirgi ƙafafu duk sun kumbura? Kira ɗaya na yi wanda bai kai minti biyu ba, na isa masauki na jona waya a caji na kwanta. Da asuba na duba abin da ya rage a layin, wayam. Ko na filashin babu.

Ni dai na riga na yanke hukunci kamfanin layi ne suka yashe ni, ina ta faɗa ni kaɗai, sai wani dattijo da muka yi tafiyar tare ya ce in miƙo wayar. Ya gyara tabarau ya shiga setin, ya buɗe wajen da ke nuna abin da kowace manhaja ta ci, ya juyo min da ita ya ce "Ɗana, ba wanda ya cuce ka, kai ka kwanta ka bar ƙofa a buɗe." Wallahi kunya ta kama ni. Hotunan da na ɗauka a hanya duk sun hau intanet da kansu, bidiyoyin guruf ɗin WhatsApp da ko kallonsu ba na yi sun sauka kaf, ga imel, ga taswira, kowa ya ɗebi rabonsa ni kuma ina can ina minshari.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, da zarar ka tsallaka iyaka layinka ya zama baƙo. Kamfaninka ba shi da ƙarfen sabis a can, sai ya ɗora ka a kan na wani kamfanin da suka yi yarjejeniya, wancan ya caje shi, shi kuma ya juyo ya caje ka har da ribarsa, wannan shi ake kira romin. Datar wata da ka saya a gida galibi ba ta bin ka, tana nan zaune tana jiranka, abin da ake cira daga katinka ne kai tsaye ana lissafin MB ɗaya bayan ɗaya, kuma ka tuna GB ɗaya MB dubu ne har da ɗoriya. Kuma waya ba ta barci fa, ko tana aljihu aiki take yi.

Wanda ya fi ba ni haushi ma shi ne amsa kira. Mun saba mai kira shi ke biya, to a romin kai da aka kira kai ma biya kake, wani ya bugo ya tambaye ka ya hanya ya gajiya ya sanyin garin, kai kana ta amsawa da fara'a kuɗinka na zuba. Shigowar tes ne kawai yawancin kamfanoni ba sa caja, shi ya sa ban yarda mutum ya cire layinsa na gida ya jefa a jaka ba, don lambar sirrin nan da banki ke turowa in za ka biya wani abu ta nan take zuwa, in babu ita kana ji kana gani kuɗinka zai gagare ka.

Yanzu tun ina ɗakin jiran jirgi nake kashe datar romin a layin gida, ba na bari sai na sauka. Layin yana nan a kunne amma aikinsa karɓar tes kawai. Data kuma a wani layin nake nema, ko in sayi sim na ƙasar, ko in sa eSIM, wato layin da ake saukewa cikin waya ta intanet ba sai an zura sim ba, tun kafin tafiya. Sim ɗin filin jirgi yakan fi na cikin gari tsada amma in dare ya yi ba ka san kowa ba ai ba ka da zaɓi, kuma ka riƙe fasfo a hannu don ƙasashe da yawa sai sun yi rajista da shi. eSIM ya fi sauƙi, ba cire komai ba neman tsinken buɗe waya, sai dai ba kowace waya ke ɗauka ba. iPhone ta fara tun daga XS a 2018, sauran kuma ka danna *#06#, in ka ga lambar EID ta fito to wayarka na ɗauka. Yawancin eSIM ɗin matafiya data ce zalla ba lambar kira, ni kam bai dame ni ba tunda kiran duk ta intanet nake yi. Amma in wayarka irin wadda aka kulle wa kamfani ɗaya ce, duk wannan bayanin bai shafe ka ba sai an buɗe ta, gara ka gwada sa wani layin tun kana gida.

Mutane da yawa na tsoron in sun sa sabon sim WhatsApp ɗinsu zai tafi. Ba inda za shi, yana nan a tsohuwar lambarka, in ma ya tambaye ka ko za ka canza lamba ka ce a'a kawai.

Akwai wasu ƙananan tarkuna biyu da suka taɓa kama ni. In wayarka mai layi biyu ce akwai setin da ke ba ta damar tsallakawa ɗaya layin in sabis ɗin wannan ya yi rauni, sai kuma wanda ke mayar da kai kan data shiru in wayfay ɗin otal ya fara jan ƙafa, kai kana zaton kyauta kake sha. Duka biyun kashe su nake. Taswirar garin kuma a Google Maps tun a wayfay nake sauke ta, ko ba data tana nuna hanya.

Masu zuwa Turai su kam sun huta ta wani ɓangaren, tun 15 ga Yuni 2017 Tarayyar Turai ta soke ƙarin kuɗin romin a tsakanin ƙasashenta, wato sim ɗin da ka saya a Faransa zai yi maka aiki a Jamus ko Italiya da farashinsa na asali. Amma dokar ta layukansu ce, layin da ka zo da shi daga wata nahiyar ba ruwanta da shi, kuma Birtaniya ta fita daga tarayyar, sai ka duba sharuɗɗan layin kafin ka tsallaka. Sabis ɗin cikin jirgin ruwa da na jirgin sama ma ba ya ciki, wannan ta tauraron ɗan adam yake bi, tsadarsa kuwa ba a magana.

Saura saƙon murya, wanda in ba ka ɗauki kira ba ake tura mai kiran can, wasu kamfanonin har wannan turawar suna caja in kana waje. Kafin in tashi nakan danna ##002# ya soke duk wata tura kira. Shi ya sa in ina tafiya ka kira ni a layi sai dai ka yi haƙuri, ina kallon sunanka a fuskar wayar tana ta ruri har ta gaji ta yi shiru, sannan in biyo ka ta WhatsApp.