Yadda na koyi karanta duwatsun kaburburan Yahudawa a Worms

Maƙabartar Yahudawa ta garin Worms, a bakin kogin Rhine a Jamus, ana kiranta Heiliger Sand, kuma akwai duwatsun kaburbura kimanin 2,500 a cikinta. Lokacin da nake karatun tarihi a ƙasar, malaminmu ya tura mu can mu kwafi rubutun da ke jikin wasu daga cikinsu. Kafin namiji ya shiga sai ya rufe kansa, don haka hulata ta wadatar.

Da tsakar rana ba ka ganin komai, domin ruwan sama da sanyi sun cinye fuskar dutsen. Sai rana ta karkata, haske ya bugo ta gefe, sannan haruffan Ibrananci su fito. An gargaɗe mu kada mu kankare gansakuka ko mu goga alli.

Lissafin shekara ne ya fi ɗaukar hankalina. Da haruffa suke rubuta ta, kowane harafi da adadinsa, kamar ramzin da malamanmu ke rufe waƙoƙin ajami da shi. Sau da yawa ba sa rubuta dubbai. Dutse mafi tsufa da aka karanta a wurin na shekarar 4819 ne a ƙidayarsu, sai ka ɗauki 819 ka ƙara 240, ka sami 1059 a ƙidayar Miladiyya. Amma da yake sabuwar shekararsu na kamawa wajen watan Satumba, dole ka rubuta 1058/59 idan watan ya goge.

Na daɗe a gaban kaburbura biyu da ke kusa da ƙofa, waɗanda maziyarta suka lulluɓe da tsakuwa da 'yan takardun addu'a. Ɗaya na Rabbi Meir na Rothenburg ne, babban malamin da aka kama a 1286, ya rasu a tsare a 1293, aka kuma hana gawarsa. Sai a 1307 wani attajiri, Alexander Wimpfen, ya fanshe ta da dukiyarsa, da roƙon a binne shi kusa da malamin. A shekarar ya rasu, aka cika masa burinsa. Na san labarin a littafi, amma a nan na ga shaidarsa.

Abin da littattafan malamai suka tsallake ma yana nan. Maza na ɗauke da sunayen Ibrananci, mata da yawa kuwa da sunaye irin na Jamusanci ko Faransanci, alamar harshen da ake yi a cikin gida.

Sai dai na koyi kada in ɗauki abin da ya tsira a matsayin dukan al'umma. Mai hali ne ke samun dutse mai kyau, kuma bayan kisan gillar da aka yi wa Yahudawa a 1349, lokacin annoba, garuruwa da dama sun kwashe duwatsun sun yi gini da su. A garin Würzburg na Jamus, a 1987, ana rushe wani tsohon gini aka tsinci gutsattsari sama da 1,400 a cikin bangonsa, kuma an shafe shekaru ana haɗa su kafin a karanta sunayen masu su.