Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Asirin Gida

Makon jiya na tsaya a inda aka sallame ni daga asibiti. Daina shan barasa ne ya kwantar da ni. Wanda jikinsa ya saba da barasa shekara da shekaru, in ya yanke ta rana ɗaya, jikin kan yi masa bore: karkarwa, zufa, rashin barci, wani har jijjiga. Bayan kwana 2 zuwa 3 wani kan fara gane-gane, kuma wannan yana iya kisa. Don haka likita ake fara gani kafin a nemi kowane taron masu son daina sha.

Ranar sallama wata nas ta juya takardar maganina ta rubuta haruffa biyu a baya, AA, wato Alcoholics Anonymous, ƙungiyar mashaya masu taimakon juna su daina sha. Ta ce, "Malam, mu jiki muka gyara. Ka nemi waɗannan mutanen, su ma duk sun sha." Da na nuna wa Kawu, ko karɓar takardar bai yi ba. Ya ce, "Kai yaro, asirin gida a gida ake rufe shi." Ina da 'ya'ya har sun tasa, amma yaro nake a bakinsa har gobe.

Wannan magana ba ranar na fara jin ta ba. Ita ya faɗa wa Inna lokacin da ta tsinci kwalba a ƙarƙashin gadon Yaya Babba. Ita ya maimaita da idon Yaya ya yi ɗorawa, cikinsa ya kumbura, aka bi dangi ana cewa shawara ce. Hanta ce, kuma kowa a gidan ya san abin da ya cinye ta. An rufe asirin, an kuma rufe Yaya. Waɗanda ke ce min na daina tono wannan zance, su yi haƙuri, ni na wanke shi.

Na ɗauki lokaci ina juya takardar nan a aljihu har ta yi laushi. Wani dare na buɗe waya na rubuta Alcoholics Anonymous. Shafinsu na intanet yana da jerin ofisoshinsu na ƙasashe, akwai manhajar Meeting Guide mai nuna taron da ke kusa da mutum a wuraren da aka shigar da su, akwai kuma tarukan Zoom dare da rana, waɗanda suka yawaita tun 2020. Taron iri biyu ne: buɗaɗɗe, wanda kowa zai iya zama ya saurara, har matarka ko ɗan'uwanka, da kuma rufaffe, na masu son daina sha kawai. Sharaɗin shiga kenan, son dainawa. Ba rajista, ba kuɗin shiga, sai abin da mutum ya ga dama ya jefa don hayar ɗaki.

A cikin mota na shiga taron Zoom na farko, gilashi a rufe, kyamara a kashe. Kowa sunansa na farko kawai yake faɗa. Wani dattijo ya ba da labarin yadda yake cika kwalba da ruwa daidai inda ya sha, don kada matarsa ta gane. Sai da na kalli bayan motar, don na ɗauka ni kaɗai na san wannan dabara a duniya. Ba wanda ya katse shi, ba wanda ya yi masa wa'azi. Ya gama aka ce masa an gode.

Ba kowane taro ne ya yi min ba. Akwai wanda mutum ɗaya ya mamaye da surutu, na bar musu. Tsofaffin ciki ma cewa suke ka zagaya har ka sami naka. Wanda zancen matakai 12 da AA ke bi don daina sha bai kwanta masa ba, akwai SMART Recovery da aka kafa a 1994, su dabarun sarrafa tunani da sha'awa suke koyarwa. Musulmin Amurka kuma sun kafa Millati Islami a Baltimore a 1989, suka ɗora matakan bisa koyarwar addini.

Daga baya na ji yadda abin ya faro a 1935 a garin Akron na jihar Ohio. Bill Wilson, dillalin hannun jari, ya ji sha'awar giya ta taso masa a baƙon gari, sai ya nemi wani mashayin da zai yi magana da shi. Aka haɗa shi da Bob Smith, likitan tiyata, mai suna da mutuncin da zai ji tsoron zubewarsu fiye da namu. Da shi ma Kawu ne ya raine shi, da a gida za a rufe.

Kawu ya rasu bai taɓa tambayata ina nake zuwa da daddare ba, ko da yake ya ga na yi ƙiba, hannuna ya daina rawa in na miƙa masa gaisuwa. Allah Ya jiƙansa. Uwar yara ce ta tambaya, kuma ba da daɗin rai ba, don ta zaci wata na samu. Yadda ta kai kanta Al-Anon, taron iyalan mashaya, da rigimar da muka sha kafin nan, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.