Idan lambar da ke gaban x² ta wuce ɗaya

Na daɗe da lura cewa ɗaliban sakandare ba sa shan wahala wajen fitar da faktocin jimlar kwadiratik, wato mayar da jimla mai ɗauke da x² zuwa baka biyu da ake ninkawa, matuƙar babu wata lamba a gaban x². Idan aka ba su x² + 5x + 6, nan da nan za su nemo lambobi biyu waɗanda in an ninka su za a samu 6, in an tara su kuma a samu 5, sai su rubuta (x + 2)(x + 3). Ruɗani yana farawa ne ranar da na rubuta 6x² + 11x + 3 a kan allo, domin da yawa daga cikinsu sukan ci gaba da neman lambobin da za su ba da 3 a ninkawa da 11 a tarawa, alhali babu cikakkun lambobi irin waɗannan.

A farkon koyarwata, wata gajeriyar dabara nake ba su. Za a ɗauke 6 daga gaban x² a ninka ta da 3, jimlar ta koma x² + 11x + 18, wadda take ba da (x + 9)(x + 2). Daga nan sai a raba 9 da 2 da 6 ɗin da aka ɗauke, a rage su zuwa 3/2 da 1/3, a ɗauko lambar ƙasa ta kowanne a ajiye a gaban x, amsa ta fito (2x + 3)(3x + 1). Ɗalibai suna son wannan hanya saboda saurinta, ni ma ina jin daɗin ganin aji ya gama aiki da wuri.

Abin da ya raba ni da ita shi ne wata rana da na ba su 12x² + 22x + 6. Wata ɗaliba mai natsuwa ta kawo littafinta, ta bi matakan ɗaya bayan ɗaya, ta samu (x + 18)(x + 4), ta raba da 12, ta ƙare a kan (2x + 3)(3x + 1). Na ce ta buɗe bakan ta gani, sai ga 6x² + 11x + 3, wato rabin abin da aka tambaye ta. Ta dube ni ta ce, "Malam, ai duk abin da ka ce a yi na yi." Gaskiyarta ce. Dabarar ce ta haɗiye 2 ba tare da ta bar alama ba, kuma tun da ban taɓa bayyana musu dalilin kowane mataki ba, ba ta da hanyar gane inda lambar ta salwanta.

Yanzu ina farawa ne daga buɗe baka, kuma nakan ba shi darasi guda cur. Muna zana akwati mai gida huɗu, mu rubuta 3x da 1 a gefe, 2x da 3 a sama, mu cike gidajen da 6x², 9x, 2x da 3. Sannan in ce su ninka gidajen da ke kallon juna ta kusurwa. 6x² sau 3 ya ba da 18x², haka kuma 9x sau 2x ya ba da 18x². Bayan misali na uku ko na huɗu, lallai wani zai tambaya ko kullum haka yake fitowa. Amsar ita ce e, domin idan aka buɗe (px + q)(rx + s), gidajen su ne prx², psx, qrx da qs, kuma kowace kusurwa aka bi, haruffa huɗun nan ne dai ake ninkawa. Wanda ya ga wannan da idonsa ya san dalilin da ya sa ake ninka lambar farko da ta ƙarshe, sa'annan a nemi lambobi biyu da za su ba da wannan sakamako a ninkawa, su ba da lambar tsakiya a tarawa. Bayyana aljabara da zane ba sabon abu ba ne, domin Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi, wanda ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9, da zanen murabba'i ya nuna cewa amsar x² + 10x = 39 ita ce 3.

Sai akwatin ya zauna musu sannan nake cire shi mu koma tsaga lambar tsakiya a layi. A 6x² − 7x − 20, ninkin 6 da −20 shi ne −120, lambobin da ake nema su ne −15 da 8, sai a rubuta 6x² − 15x + 8x − 20, a haɗa su biyu-biyu a samu 3x(2x − 5) + 4(2x − 5), daga nan (3x + 4)(2x − 5). Inda aka fi tuntuɓe shi ne idan kashi na biyu ya fara da alamar ɗebewa. A 2x² − 4x − 3x + 6, ɗalibi yakan rubuta 2x(x − 2) − 3(x + 2), ya tsaya yana mamakin yadda bakan biyu suka ƙi zama iri ɗaya. Ba na gyara masa alamar da hannuna. Nakan ce ya buɗe −3(x + 2) ya gaya mini ko +6 ya samu.

Ba na raina hanyar gwaji, wato a yi ta gwada lambobi a cikin bakan har a dace, musamman idan lambar gaba 2 ce ko 3 ko 5, tun da faktocinsu ba su da yawa, kuma ɗalibin da hannunsa ya faɗa yakan riga mai tsagawa gamawa. Abin da nake hanawa shi ne a ɓata minti goma ana neman abin da babu shi. Saboda haka nake nuna musu b² − 4ac, inda a, b da c suke nufin lambar farko, ta tsakiya da ta ƙarshe, tun kafin mu iso babinsa: a 6x² + 11x + 3 yana ba da 49, wato 7 sau 7, don haka faktoci za su fito, amma a 2x² + 5x + 1 yana ba da 17, kuma babu cikakkiyar lamba da za a ninka da kanta a samu 17, abin da ke nuna cewa ba za a same su da cikakkun lambobi ba.

Abubuwa biyu na mayar dole a kowane aiki. Kafin a fara, a duba ko akwai lambar da ke raba dukkan sassan uku a fitar da ita, kamar yadda 12x² + 22x + 6 ke zama 2(6x² + 11x + 3). Bayan an gama kuma, a sa x = 1 a cikin tambaya da amsa a kwatanta. Da na koya wa waccan ɗaliba wannan tun farko, da ta samu 40 a tambaya da 20 a amsarta, ta koma neman 2 ɗin da kanta kafin ta iso teburina.