Yadda muka biya bashin jika 307 bayan an rufe iyaka

Maigidana direban babbar mota ne, yana ɗauko kaya daga Kwatano zuwa Yamai ta hanyar Gaya. Ni kuma ina da firigo a gida, a unguwar Bukoki, ina sayar da ƙanƙara da bisap. Da waɗannan biyun muke riƙe kanmu da yara huɗu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyakar Benin da ta Najeriya, Najeriya kuma ta yanke wutar da take turo mana, wadda ita ce mafi yawan kuran ɗin da muke sha. Cikin mako guda mota ta tsaya, ƙanƙara ta koma ruwa.

Wata biyu na farko ba mu rage komai ba. Kullum muna cewa gobe za a buɗe, jibi za a buɗe. Shinkafa na hawa, mai na hawa, ni kuma ina aika yaro shago in ce a rubuta. Wannan jiran ya fi rufe iyakar cutar da mu, domin mun ci gaba da ci kamar kuɗi na shigowa.

Da aka koma lakwal a watan Oktoba, na ɗauki kaye ɗaya cikin na yara, na zauna da dare na ce, "Malam, zo mu rubuta duk wanda yake bin mu." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Rubutawar za ta biya ne?" Na ce ba za ta biya ba, amma barci ya gagare ni, kuma ban ma san nawa ne ke hana ni barcin ba. Muka rubuta (jika ɗaya sefa dubu ke nan): mai shago jika 62, haya wata biyu jika 70, saura na firigo jika 90, adashin da na riga na kwasa saura zubi shida jika 60, ƙanwata ta Tawa jika 25. Jimla jika 307. Na yi kuka a daren nan, amma na yi barci.

Abin da ya fi komai wuya shi ne zuwa wurin masu bashi tun kafin su zo. Da ina zagaye layin shagon, ina bin ta baya don kada mu haɗa ido. Ranar na sa hijabi na tafi da kaina. Na ce, "Alhaji, ga gaskiyar halin da muke ciki. Daga yau kada ka ƙara rubuta mana komai, ko yarana sun zo. Duk Juma'a zan kawo maka jika ɗaya." Ya dube ni, ya ce, "Maman yara, da kowa zai zo haka, da ban rasa jari ba. Allah ya hore." A nan na gane shi ma ana bin sa a kasuwar Katako, kuma shirunmu ya fi ƙarancin kuɗin ɓata masa rai. Mai gidan haya ya yarda mu riƙa biyan na wata, mu ɗora jika 5 a kan tsohon. Mai firigo bai ji daɗi ba, ya yi faɗa, amma ya karɓi jika 7 a wata.

Adashi kuwa ban nemi sassauci ba. Kuɗin mata tara ne irina, kowace da abin da take jira, wata haihuwa, wata kuɗin magani. Na sayar da 'yan kunnena na cika zubi biyu, sauran na biya da kuɗin ƙosai. Tunda kuran ba tabbas, na ajiye maganar ƙanƙara, na kafa kasko a ƙofar gida, ƙosai da koko da safe, dambun zogale da yamma. Malam ya samu taksin wani yana ja da dare, ya kai wa mai mota nasa, ya kawo abin da ya saura.

Duk abin da ya shigo, tun a daren nake raba shi cikin gwangwani uku: cefane, bashi, ajiya. Na ajiya ko dala 20 ce sai na jefa. Wata maƙwabciya ta ce mai bashi ba ya ajiya, ni ban yarda ba. Ranar da autana ya yi zazzaɓi, da kuɗin gwangwanin nan muka je likita, ba mu buɗe sabon bashi ba. Da kaka na tura wa ƙanwata abin da ya taru ta kamfanin tura kuɗi na Nita, ta sayo mana hatsi a Tawa lokacin yana da sauƙi. Buhu a ɗaka ya fi kuɗi a hannu tsayawa, domin ba wanda zai zo ya ce ranta mini rabin buhu in sa kati a waya.

Biki ne ya fi ba ni kunya. Anko uku na ƙi yi a shekarar. Ina zuwa da tsohon zanena, in kama aiki a madafa tun safe, in ba da gudummawar da zan iya. An yi magana, na ji, har daga dangi. Amma kuɗin ankon guda ɗaya zubin Alhaji ne na wata biyu, kuma na riga na yi masa alkawari.

An ɗage takunkumi ranar 24 ga Fabrairun 2024, kuran ya dawo, na sake kunna firigo, amma gadar Gaya ta iyakar Benin ta ci gaba da zama a rufe. Aka yi wa Malam tayin hanyar Lome ta Burkina, inda motoci ke jiran rakiyar soja. Mun yi shawara, muka ce bashi yana iya jira, ya zauna a taksinsa.

Mun gama da mai firigo a watan Nuwamba, ƙanwata kuma ta ce a bar nata sai ƙarshe. A watan Disamban 2024 na kai wa Alhaji jika ɗayansa ta ƙarshe. Ya buɗe littafinsa ya soke sunanmu a gabana, ya miƙo mini sabulu biyu ya ce in kai wa yara. Da na dawo gida na buɗe kaye, na tura wa ƙanwata jika 25 ɗinta daga gwangwanin ajiya, na ja layi a kan sunanta.