Gidan shagunanmu na hanyar Wallam da masu shi uku

Sana'ata atamfa da shadda da leshi, sai ɗinki a bayan shago, inda teloli uku ke aiki da yarinya guda mai sa duwatsu. Shagon yana cikin wani gidan shaguna mai bene ɗaya a bakin hanyar Wallam, can arewacin Yamai, irin wanda ake ce wa galeri. Tun shigata gidan ya canza hannu sau biyu, kuma kowane sabon mai shi ya taɓa cinikina fiye da yadda tsadar kaya ta taɓa shi.

Da can ba mai tunanin kasa atamfa a wannan gefen. Ciniki na tsakiyar gari ne: Babbar Kasuwa, wadda ta ƙone a 1982 aka sake buɗe ta a 1987, da Ƙaramar Kasuwa, da Katako, da Wadata. Ni kusa da Ƙaramar Kasuwa nake har gobarar 2012 ta watsa mu, na dawo nan hanyar Wallam. A 2016 kuma aka bi manyan tituna ana rushe kiyos-kiyos, wasu ƴan'uwanmu suka biyo mu. Gari ma ya riga ya miƙe ta Lazare da Kwara Tegi, mata sun gaji da biyan taksi biyu don sayen turmi ɗaya.

Wanda ya gina gidan wani Alhaji ne ɗan kasuwa, Allah ya jiƙansa. Bai yi boko ba, amma ya san abin da ke tara mutane. Babban shagon da ke bakin ƙofa mai gashin burodi ya ba, a kan haya mai sauƙi, don ya san wanda ya zo sayen burodi da safe idonsa zai faɗa kan sauran kaya. Kuma ba ya haɗa masu sana'a ɗaya a jere. Da na je neman wuri sai ya ce: "Ɗiyata, mai atamfa guda nake so a gidan nan. In kin riƙe amana, ba zan kawo maki kishiya ba." Ya sa ni tsakanin mai takalma da mai turare, ta yadda uwar amarya za ta haɗa rabin lefe ba ta fita gidan ba. Da shi babu takarda. Ƙarshen wata yaronsa ya zo da littafi ya rubuta, watan da ciniki ya yi sanyi ka je ka gaishe shi ya ɗaga maka ƙafa.

Da ya rasu gidan ya shiga gado. Magada suka raba shaguna, wannan nasa na ƙasa, waccan nata na sama, amma rufi da makewayi da albashin gardi ba wanda ya gada. Damina ta zo, ruwa ya bi bango ya sauko kan kanta, na kwana ina ɗauke shadda ina shanyawa a kan kekuna. Farar shadda in ta sha ruwan rufi ta tashi daga kayan sayarwa. Kontar kuran guda ce ga gidan duka, takardar kamfanin wuta na NIGELEC ta zo a yi ta gardama tsakanin mai firiza da mai fanka ɗaya. Mai burodi ya haƙura ya tashi, cinikin safe ya bi shi. Ban ga laifin magadan sosai ba, kowa da buƙatarsa, wasunsu ma ba a garin suke ba. Daga baya suka haɗu suka sayar.

Wanda ya saya ban taɓa ganinsa ba, wakili ne ke zuwa. Gaskiya ya yi aiki: an gyara rufi, an sa karo a ƙasa, kowane shago ya samu kontarsa, an kawo gurup, wato injin ba da wuta. Wannan gurup shi ya cece mu a 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wuta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ga iyakar Benin a rufe, kayan da muka saba samu ta Kwatano sai sun zagayo ta Lome da Burkina. Amma tare da gyaran sai ga takarda: haya ta kusan ninka, a ba da kuɗin ajiya na wata uku, wanda bai yarda ba ya kwashe kayansa cikin wata guda.

A nan ne ɗan mai turare, wanda ya karanta shari'a a Jami'ar Abdu Mumuni, ya zaunar da mu. Ya ce Nijar tana cikin OHADA, ƙungiyar ƙasashen Afirka masu dokokin kasuwanci iri ɗaya, kuma dokar kasuwanci ta ƙungiyar ta yi magana a kan hayar wurin sana'a. Sayar da gida ba ya kashe haya, sabon mai gida yana hawa kan alkawarin tsohon ne. Wanda ya shekara biyu yana sana'arsa a wuri bisa ƙa'ida yana da haƙƙin a sabunta masa, in kuwa mai gida ya ƙi ba tare da hujjar da doka ta yarda da ita ba, sai ya biya diyya. Dokar ta san da hayar baki ma, sai dai dole ka nuna shaida. Ni da na roƙi yaron Alhaji ya riƙa sa mani hannu a ɗan littafina kowane wata, ga kuma takardun patanti, wato harajin sana'a, ina da abin nunawa. Mai takalma ba shi da ko ɗaya, kuma shi ya fara fita. Abin ya yi mani ciwo, don shekarunmu ɗaya a gidan.

Muka je wajen wakili mu bakwai, muka ce: "Ranka ya daɗe, mun ga gyara, mun yarda a ƙara, amma a hankali, kuma a rubuce." An yi ta kai da komo, aka tsaya a kan a yi ƙarin a mataki biyu, da kwantiragi na shekara uku.

Abin da ke damuna yanzu ba hayar ba ce. Sabon mai gida wanda ya fi biya yake ba wa wuri, ko mece ce sana'arsa. Shagunan waya sun zama huɗu a jere, masu aika kuɗi biyu, an kuma kawo wata mai atamfa a sama. Mai zuwa aika kuɗi a kan babur yake tsayawa, ya gama ya wuce, ba ya leƙa kowa. Don haka na ƙara ƙarfi wajen ɗinki da anko na biki, ina tura hotunan sabbin kaya ta WhatsApp, yaro ya kai har gida. Babban shagon bakin ƙofa zai fita haya bayan Sallah, kuma mun rubuta wa wakili, mu duka da sa hannunmu, muna roƙon a ba mai burodi ko mai kayan masarufi, ko da hayarsa ba ta kai ta mai waya ba.